Leopold Zunz (1794–1886): Malamin da Jami'a ta Hana wa Kujera

Ɗalibin da ya duba jerin darussan manyan jami'o'in Turai da Amurka a yau zai tarar da sashen nazarin Yahudawa a cikin yawancinsu, inda ake koyar da tarihinsu da adabinsu da addininsu da harsunansu kamar yadda ake koyar da na Girkawa ko na Larabawa. Ƙarni biyu da suka wuce babu wannan ko a jami'a ɗaya. Ana dai koyar da Ibrananci, amma a tsangayar tauhidin Kirista, domin limaman coci na gobe su iya karanta Attaura da Zabura da littattafan annabawa a harshensu na asali. Abin da Yahudawa suka rubuta bayan wannan zamani, wato aikin shekara kusan dubu biyu, an jibge shi wuri guda an kira shi rubutun malaman Yahudu, kuma yawancin Kiristocin da suka leƙa cikinsa sun leƙa ne don neman abin suka. Mutumin da ya fara cewa wannan tarin rubutu adabi ne cikakke, wanda ya cancanci a bincike shi da irin kayan aikin da ake binciken Homer da su, kuma a cikin jami'a, shi ne Leopold Zunz. Jamusawa suna furta sunan kamar Tsunts.

An haife shi ran 10 ga watan Agusta 1794 a garin Detmold na ƙasar Jamus, sunansa na yanka Yom Tov Lipmann. Bai daɗe da haihuwa ba iyayensa suka koma Hamburg. Mahaifinsa malamin Talmud ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma shi ya fara ɗora shi a kan karatun Ibrananci da nahawunsa kafin ya rasu a 1802. Shekara ɗaya bayan haka aka kai yaron wata makarantar kyauta ta ƴaƴan talakawan Yahudawa a Wolfenbüttel, wadda iyalin Samson suka kafa. A lokacin makarantar ba ta koyar da kome sai Talmud, daga safe har yamma, cikin ƙunci da duka. A nan ya haɗu da Isaak Markus Jost, wanda daga baya ya rubuta tarihin Yahudawa mai juzu'i da yawa, suka riƙa karatun nahawu su biyu a ɓoye. Sauƙi ya zo a 1807 lokacin da aka naɗa Samuel Meyer Ehrenberg shugaban makarantar. Shi ya shigo da Jamusanci da Faransanci da lissafi da tarihi, ya kuma riƙe Zunz tamkar ɗan cikinsa. Mahaifiyar yaron ta rasu a 1809, shekarar da ya shiga babbar makarantar sakandaren garin, inda babu Bayahuden da ya taɓa shiga kafinsa. Ya gama a 1811, ya koma tsohuwar makarantarsa yana koyarwa, har zuwa 1815 da ya tafi Barlin.

Jami'ar Barlin tana da shekara biyar kacal da kafuwa a lokacin, amma ta riga ta tara gwanaye. Biyu daga cikinsu su suka gina Zunz: Friedrich August Wolf, wanda ya girgiza masana da nazarinsa a kan yadda waƙoƙin Homer suka taru, da August Boeckh, wanda yake koyar da cewa ilimin filoloji ya wuce gyaran kalmomi, aikinsa shi ne sake gano rayuwar al'umma gaba ɗayanta daga abin da ta bari, ko waƙa ce, ko doka, ko rubutun kan dutse, ko lissafin kuɗin baitulmali. Wurin de Wette kuma ya koyi yadda ake auna shekarun littattafan Tsohon Alkawari ta hanyar harshensu. Wannan Boeckh, ga mai son sanin yadda hanyoyi suke haɗuwa, shi ne kuma malamin Heinrich Barth, wanda ya shigo Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa da Damagaram, ya tattara kalmomin Hausa da Barbarci da Fillanci da wasu harsunan wannan yanki.

A jami'ar kuma akwai wani farfesan tarihi, Friedrich Rühs, wanda ya wallafa ƙasida yana jayayya cewa Bayahude ba zai taɓa zama ɗan ƙasar Jamus ba muddin bai bar addininsa ba. Zunz ya fara sauraron darasinsa, sannan ya daina zuwa. Wannan shi ne yanayin da ya yi karatu a cikinsa: a aji ɗaya ana ba shi kayan aiki mafi kaifi na zamaninsa, a aji na kusa ana gaya masa cewa shi baƙo ne.

Ɗan littafin 1818

Yana ɗan shekara 23 ya fitar da wani ɗan littafi mai shafuka kaɗan, Etwas über die rabbinische Literatur, ma'ana ɗan bayani a kan adabin malaman Yahudu. Sunan yana da tawali'u, abin da ke ciki ba shi da shi. Da farko ya nuna cewa laƙabin kansa kuskure ne, domin ya sa mutane suna zaton babu kome a wannan adabi sai fiƙihu da gardamar malamai. Sai ya shiga jero abin da ke ciki: tauhidi da shari'a da ɗabi'a, i, amma har da ilimin taurari da lissafi da likitanci da labarin ƙasa da tarihi da nahawu da ƙamus da waƙa da kiɗa da sana'ar ɗab'i da rubutun kan kaburbura da na kan tsabar kuɗi. Ga kowane fanni ya ambaci littattafai, da dama daga cikinsu ba a taɓa bugawa ba, ya kuma faɗi aikin da ya rage: a tattara rubuce-rubucen hannu, a gwada kofi da kofi, a gano marubuci da zamaninsa da garinsa, sannan a yi magana.

Mu masu nazarin harshe ya kamata mu tsaya a nan mu ga irin abin da wancan laƙabi ya rufe. A ƙarni na 10 Yahuda ibn Ƙuraish, mutumin Tahart a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya rubuta wa Yahudawan Fas wasiƙa da Larabci yana gwada kalmomin Ibrananci da na Aramiyanci da na Larabci, har ya taɓo ƴan kalmomin Berber. A Ƙurɗuba, wajen shekara ta 1000, Yahuda Hayyuj ya tabbatar da cewa saiwar aikatau a Ibrananci baƙaƙe uku ce ko da ɗaya ya ɓuya a furuci, yana aiki da dabarun masana nahawun Larabci, Ibn Janah kuma ya gina cikakken nahawu da ƙamus a kan wannan tushe. Sa'adiya al-Fayyumi ya fassara Attaura zuwa Larabci. Musa ibn Maimun ya rubuta babban littafinsa na falsafa da Larabci amma da haruffan Ibrananci, dabarar da duk wanda ya saba da ajami zai gane ta nan take. Kwatanta harsunan Samiyawa, wanda jami'o'in Turai suke ɗauka nasu ne, an fara shi a waɗannan littattafai tun ƙarnuka da dama kafin su.

Akwai wani dalili mai ɗaci da Zunz ya kawo na gaggauta aikin. A ganinsa Yahudawan Jamus sun rungumi Jamusanci hannu bibbiyu, Ibrananci yana gab da daina zama harshen rubutu, saboda haka lokaci ya yi da za a yi wa adabinsa lissafi kafin littattafan su yi wuyar samu. Har ya yi hasashen cewa nan da shekara ɗari samun su zai fi wuya. Game da mutuwar harshen hasashensa bai tabbata ba, domin kafin shekara ɗarin ta cika an riga an soma renon yara da Ibrananci a ƙasar Falasɗinu. Game da littattafan kuwa, abin da ya auku a Turai bayan 1933 ya zarce duk abin da ya ji tsoro.

A watan Agusta 1819 tarzomar ƙin jinin Yahudawa ta tashi daga Würzburg ta bazu zuwa garuruwan Jamus da dama. Cikin watan Nuwamba na shekarar Zunz da wasu samari masu ilimin jami'a, cikinsu har da Eduard Gans, ɗalibin Hegel, da Moses Moser da Jost, suka kafa ƙungiyar raya al'adu da ilimin Yahudawa a Barlin. Mawaƙi Heinrich Heine ya shiga a 1822. Zunz ne editan mujallarsu, wadda ta fito sau uku tsakanin 1822 da 1823, kuma daga sunanta ne fannin ya sami sunan da aka san shi da shi, Wissenschaft des Judentums, wato nazarin Yahudanci bisa ƙa'idar ilimi. A cikinta ya buga tarihin Rashi, babban mai sharhin Attaura da Talmud na garin Troyes a Faransa, wanda ya rasu a 1105. Ya tsince tatsuniyoyin da suka lulluɓe mutumin, ya fito da danginsa da malamansa da littattafan da ya karanta daga cikin sharhinsa kansa. Ba a taɓa rubuta tarihin wani malamin Yahudawa ta wannan hanya ba. A tsakanin nan ya sami digirin dakta daga Jami'ar Halle a 1821, ya kuma auri Adelheid Beermann a 1822.

Dokar Purusiya ta 1812 ta yi wa Yahudawa alkawarin cewa za su iya riƙe muƙaman koyarwa a jami'a. Da Gans ya nemi a cika alkawarin, sai sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya soke wannan sashe na dokar a 1822. Ƙungiyar ta watse a 1824. Shekara ɗaya bayan haka Gans ya karɓi baftisma, kuma ba da jimawa ba ya zama farfesan shari'a a Barlin. Heine ma ya karɓa a shekarar. Ƙofa ke nan a buɗe ga Zunz, ya san kuɗin shigarta, ya ga abokansa sun biya sun wuce. Bai bi su ba. Ya kama aikin jarida a wata jaridar Barlin daga 1824 zuwa 1831, yana haɗawa da shugabancin makarantar yara ta al'ummar Yahudawa, bincike kuma sai da asuba da dare.

Hujja daga cikin matani

Littattafansa biyu na shekarun 1830 duk martani ne ga wata doka, kuma a nan ne ake ganin yadda yake aiki. A 1823 gwamnati ta hana duk wani sabon abu a ibadar Yahudawa, har da yin wa'azi da Jamusanci, ta rufe majami'ar da Zunz kansa ya taɓa yin wa'azi a cikinta. Hujjar hukuma ita ce wa'azi da harshen gari bidi'a ce a addinin Yahudawa. Wasu malaman gargajiya na Yahudawan ma ra'ayinsu ke nan. Zunz ya shafe shekaru yana tattara amsa, ta fito a 1832 da sunan Die gottesdienstlichen Vorträge der Juden, tarihin wa'azi a ibadar Yahudawa. Ya bi sawun al'adar tun daga zamanin Uzairu, lokacin da aka fara karanta Attaura a bainar jama'a ana bayyana ma'anarta, zuwa fassarorin Aramiyanci da ake kira targum, waɗanda aka yi domin jama'a sun daina jin Ibrananci sosai, zuwa ɗimbin littattafan tafsiri da ake kira midrash, har zuwa masu wa'azin Andalus da Italiya da Jamus. Abin da ya fito fili shi ne bayyana nassi da harshen da mutane suke ji tsohuwar sunna ce, rashinsa ne baƙon abu.

Amma darajar littafin ta wuce gardamar da ta haife shi. Kafin Zunz, littattafan midrash suna zube ne babu tsari, ana jingina kowanne ga wani tsohon malami na ƙarni na 2 ko na 3 saboda sunan da ke kan bango. Shi sai ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi. Wane irin Aramiyanci ne a ciki, na Galili ko na Babila? Kalmomin aro na Girkanci sun yi yawa ko sun ragu? Akwai ambaton daular Larabawa, wanda zai nuna an rubuta bayan ƙarni na 7? Wane littafi ne ya ɗauko daga wannan, wannan kuma daga wane ya ɗauko? Wane marubuci ne ya fara ambatonsa da suna? Da irin waɗannan tambayoyi ya jera littattafan bisa zamani, kuma ko da yake an gyara masa wurare da dama, har gobe daga jerinsa ake farawa.

Gwanintar da aka fi tuna shi da ita tana cikin wannan littafi. Ya lura cewa tsofaffin marubuta, musamman mai ƙamusun Arukh na birnin Rum da mai tarin tafsirin Yalkut, suna ɗauko magana daga wani littafi mai suna Pesikta, kuma abin da suke ɗaukowa bai dace da littattafan da aka sani da wannan suna ba. Sai ya yanke cewa akwai wani tsohon littafi da ya ɓace. Ya tattara gutsattsarin da aka ɗauko daga cikinsa, ya gano cewa wa'azozi ne na ranakun idi da wasu Asabar na musamman, ya zayyana babobinsa da abin da kowanne ya ƙunsa, alhali bai taɓa ganin ko shafi ɗaya nasa ba. Daga baya aka gano kofe-kofen hannu na littafin, Salomon Buber ya buga shi a 1868 da sunan Pesikta de-Rav Kahana, aka tarar siffar da Zunz ya zana ta yi daidai a mafi yawan wurare. Wanda ya taɓa ƙoƙarin sake gina tsohuwar kalma daga rassanta a kare-karen harshe ya san daɗin irin wannan tabbaci, ya kuma san ba kullum ake samunsa ba.

A 1836 wata dokar ta fito tana hana Yahudawa raɗa wa ƴaƴansu sunayen Kirista. Shugabannin al'umma suka nemi Zunz ya ba da amsa, ya rubuta Namen der Juden, sunayen Yahudawa, wanda ya fito da kwanan 1837. Ɗan littafi ne cike da jerin sunaye da aka tsamo daga littattafai da takardu da duwatsun kabari, bisa zamani da ƙasa. Ya nuna cewa fiye da shekara dubu biyu Yahudawa suna ɗaukar sunayen maƙwabtansu, na Babila da na Farisa da na Girkawa da na Rumawa da na Larabawa da na Jamusawa, kuma da yawa daga sunayen da ake kira na Kirista Yahudawa sun riga Kiristoci amfani da su. An sassauta dokar a 1841. Ilimin sunaye, wanda wasu ɗalibai suke ɗauka abin cike gurbi ne a kundin digiri, a nan ya tsaya a gaban sarki.

Sauran shekarun nan za a iya wuce su da sauri. Ya je Prag a 1835 a matsayin mai wa'azi, bai cika shekara ba ya dawo. Ya jagoranci fassarar littattafan Ibrananci masu tsarki zuwa Jamusanci wadda ta fito a 1838. Daga 1840 zuwa 1850 ya shugabanci makarantar horon malamai ta Yahudawan Barlin. A wannan lokaci ya raba gari da masu neman sauye-sauye masu zurfi a addini, har ya rubuta yana kare kaciya a 1844, abin da ya ɓata tsakaninsa da Abraham Geiger na ɗan lokaci. Masu gargajiya suna ganinsa ɗan zamani, ƴan zamani suna ganin ya koma baya.

Shekarar 1848

Juyin juya hali ya isa Barlin a watan Maris 1848. Zunz ya shiga siyasa da ƙarfinsa a ɓangaren masu neman mulkin jama'a, yana jawabai a tarurruka, har aka zaɓe shi cikin wakilan da za su zaɓi ƴan majalisa. Ganin an shelanta daidaito tsakanin ƴan ƙasa, sai ya rubuta wa ministan ilimi a watan Yuli yana neman a kafa kujerar farfesa ta tarihin Yahudawa da adabinsu a Jami'ar Barlin. Abin lura shi ne inda ya nemi a ajiye ta: a tsangayar falsafa, tare da tarihi da harsuna, nesa da tauhidi. A ra'ayinsa raina Bayahude a titi da raina littafinsa a jami'a tushensu ɗaya, kuma ba za a kawar da na farko ba sai an kawar da na biyu. Muddin masu mulki da alƙalai da malamai suna samun labarin Yahudawa daga littattafan maƙiyansu, doka kaɗai ba za ta wadatar ba.

Minista ya miƙa wa tsangayar, wadda tsohon malaminsa Boeckh da masanin tarihi Leopold Ranke suke cikin manyanta. A watan Nuwamba suka ba da amsa cewa a'a. Hujjarsu tana da wayo: tun da Yahudawa sun zama ƴan ƙasa daidai da kowa, ware musu kujera zai zama fifiko, zai kuma ƙarfafa bambancin da ake so ya gushe, horar da malaman addini kuma aikin al'ummarsu ne, ba na jami'a ba. Wato da an hana su saboda ba daidai suke da kowa ba, yanzu an hana su saboda daidai suke da kowa. Amsar ta kauce wa abin da aka tambaya, domin Zunz bai nemi a horar da limamai ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa kujerar Sanskrit da Franz Bopp yake kai a wannan jami'a fifiko ce ga Indiyawa. Duk wanda ya san yadda aka daɗe ana jayayya kafin harsunan gida su sami gurbi a makarantun ƙasashenmu zai gane irin wannan hujja, wadda take yabon haɗin kai domin ta rufe ƙofa.

Abin da ya biyo baya shi ne Yahudawa suka gina nasu makarantu: ta Breslau a 1854 ƙarƙashin Zacharias Frankel, sannan babbar makarantar nazarin Yahudanci ta Barlin a 1872. Zunz bai koyar a ko ɗaya ba. Shi da abokinsa Moritz Steinschneider, wanda ya tsara kundin littattafan Ibrananci na ɗakin karatun Oxford, suna ganin keɓe fannin a gidan Yahudawa komawa ce cikin unguwar da aka killace su a da, sai dai wannan karon da hannunsu. Ana iya cewa taurin kai ne, domin waɗannan makarantu sun yaye manyan masana, kuma ba don su ba da fannin bai sami magada ba. Amma abin da ya hango ya faru: har ƙarshen ƙarnin, manyan farfesoshin Jamus suna rubutu a kan addinin Yahudawa ba tare da sun ga wajibcin karanta abin da masanan Yahudawa suka gano ba.

Waƙoƙin majami'a

A 1850 ya ajiye aiki, al'ummar Barlin ta yanka masa ɗan fansho, ya juya ga aikin da ya ci sauran ƙarfinsa: waƙoƙin ibada da ake kira piyyut, waɗanda aka riƙa saƙawa cikin addu'o'in majami'a tun daga ƙarshen zamanin Rumawa. Samun su kansa wahala ne. Manyan tarin littattafan Yahudawan Jamus sun riga sun bar ƙasar, domin babu hukumar da ta ga darajar sayensu. Tarin David Oppenheim, dubban littattafai da rubuce-rubucen hannu, Oxford ta saye shi a 1829. Na Heimann Michael na Hamburg aka raba shi a 1848, rubutun hannu ya tafi Oxford, bugaggu suka tafi Landan. Dole Zunz ya bi su da ɗan abin da ke aljihunsa da taimakon abokai. Ya je Oxford da Faris a 1855, inda ya gaida Heine a kan gadon ciwonsa na ƙarshe, ya je Parma ta Italiya a 1863, yana kwafa da hannu.

Littattafai uku suka fito daga wannan: na waƙoƙin majami'a a tsakiyar zamani a 1855, na bambancin tsarin ibada tsakanin ƙasashe a 1859, da tarihin mawaƙan a 1865. Ya tantance dubban waƙoƙi da ɗaruruwan mawaƙa, da yawansu an manta da su sarai. Abin da ya taimake shi shi ne al'adar mawaƙan ta saƙa sunayensu a haruffan farko na baitoci, wani lokaci har da sunan uba da na gari, kamar dai yadda marubutan waƙoƙinmu na ajami suke ɓoye shekara a ramzi. Ya bambanta salon tsofaffin mawaƙan Falasɗinu irin su Eleazar Kalir, masu ƙirƙirar kalmomi yadda suka ga dama har Ibrahim ibn Ezra ya zarge su da karya nahawu, da salon mawaƙan Andalus irin su Ibn Gabirol da Yahuda Halevi, waɗanda suka bi hanyar da Dunash ben Labrat ya buɗe ta ɗora Ibrananci a kan ma'aunan arulin Larabci. A ƙarshen littafin farko ya jera siffofin kalmomin da mawaƙan suka ƙirƙira, shafi bayan shafi, abin da ya zama tubalin tarihin harshen a tsawon ƙarnukan da ake cewa ya mutu. Babi guda kuma ya keɓe shi ga wahalhalun da suka haifi waƙoƙin makoki, har da kisan gillar garuruwan kogin Rhein a 1096 da na lokacin annobar 1348. Wannan babi ne marubuciyar Ingila George Eliot ta ɗauko daga cikinsa a littafinta Daniel Deronda.

Yana da nasa makafin wurare. Littattafansa na baya jeri ne na sunaye da shekaru da farkon baitoci, masu wuyar karantawa, kuma bai taɓa rubuta tarihi mai gudana irin na Heinrich Graetz ba. Bai ba sufancin Kabbala muhimmanci ba, abin da Gershom Scholem ya soki dukan makarantar a kansa a ƙarni na 20. Mafi nauyi a wurinmu shi ne yadda ya ɗauki Yiddish, harshen miliyoyin Yahudawan gabashin Turai, a matsayin gurɓataccen Jamusanci da ya kamata a rabu da shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kare adabin da aka raina bai ga cewa harshen da ake magana da shi a kasuwa ma yana da nahawu da tarihi ba. Sai a 1925 aka kafa cibiyar nazarin Yiddish a Vilna.

A 1873, yana dab da shekara 80, ya buga nazari a mujallar ƙungiyar masana Gabas ta Jamus inda ya yi amfani da hujjar harshe ya nuna cewa littafin Firistoci na Attaura ya zo bayan annabi Ezekiyel, matsayin da bai yi wa masu gargajiya daɗi ba. Adelheid ta rasu a 1874 bayan shekara 52 da aure, ba su sami haihuwa ba, kuma daga nan bai ƙara kama wani sabon bincike ba. Gidauniyar da aka kafa da sunansa a 1864 ta tattara ƙananan rubuce-rubucensa cikin juzu'i uku a 1875 da 1876. Ya rasu a Barlin a watan Maris 1886 yana da shekara 91, aka binne shi a maƙabartar Yahudawa ta Schönhauser Allee.

Kujerar da ya nema ta fara samuwa ne a wasu ƙasashe. An buɗe cibiyar nazarin Yahudanci a Birnin Ƙudus a ƙarshen 1924, Jami'ar Harvard ta naɗa Harry Wolfson a 1925, Jami'ar Columbia ta naɗa Salo Baron a kujerar tarihin Yahudawa a 1930. A Jamus, ƴan Nazi sun rufe makarantar Breslau a 1938, ta Barlin a 1942, kuma sai a shekarun 1960 jami'o'in ƙasar suka fara buɗe sassan wannan fanni, lokacin da al'ummar da ta haife shi ta riga ta ƙare a gudun hijira da sansanonin kisa. Takardun Zunz da wasiƙunsa, waɗanda gidauniyarsa ta adana a Barlin, an fitar da su zuwa Birnin Ƙudus a 1939, suna babban ɗakin karatu na can.